Ɗan Mutane a Gaban Lajna

Shekarun baya, can ƙarshen shekarun sittin, lokacin ina da gashi a kai da girman kai a ciki, na ci jarrabawar shiga wata kwaleji a Khartum. A ƙauyenmu, wanda ke bakin tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa, a tsakiyar gonakin auduga na yankin Managil, ba a taɓa samun wanda ya kai nan ba. Kwana uku ina yawo da takardar a aljihun jallabiya, ina fito da ita ko ba a tambaye ni ba. Har wani tsoho da bai san alif ba sai da na miƙa masa. Ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallo, ya ce lallai rubutun ya yi kyau.

Sai dai takardar ba ta zo da kuɗin makaranta ba, ba ta zo da na kwana da abinci ba. Mahaifina ya rasu tun ina makarantar tsakiya. Ba mu da hawasha tamu, wato gonar da hukuma ke ba manomi. Ta wani yake nomawa a raba amfanin, da ya rasu kuwa mai gona ya nemi wani. Mahaifiyata ce ta riƙe mu, ni da ƙannena uku, da tsinkar auduga in lokacinta ya zo, da sayar da godogodo, irin furarmu ta can, da soyayyar gyaɗa ranar kasuwa. Wani malamina ya gaya mini cewa majalisar yanki tana ɗaukar nauyin ɗalibai marayu, tallafin da ake kira i'ana. Ya samo mini urnik, takardar da ake cikewa, muka cike tare. Shehun ƙauye, wato mai garinmu, ya buga hatimi. Abin da ya rage shi ne in bayyana gaban lajna, wato kwamitin da ke tantancewa, tare da wanda ke riƙe da ni. Idan sun yarda, in tafi Khartum. Idan ba su yarda ba, in ninke takardata in koma tsinkar auduga.

A nan sai na gaya muku wani abu game da ni da mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar zamanin da ce, irin waɗanda iyayensu suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, suka yada zango a Jazira, zangon ya zama gida. Kunyar ɗan fari da ta gada ba ta rage mata ko ƙwaya ba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, ban dawo nata ba sai da kakar ta rasu. In za ta yi magana a kaina, “wancan” take cewa. In da ni za ta yi, sai ta fuskanci randa ko ƙyauren ɗaki ta ce, “A ce ma wancan tuwo na hucewa,” alhali daga ni sai ita a tsakar gidan. Randar gidanmu ta sha aike.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Ina sane da cewa naman da ke ƙasan kwanona ya fi na kowa girma. Haka na taso na gani, haka ake yi a kowane gida na unguwarmu, har ban ma tuna cewa akwai mutanen da ba su san da shi ba. Wannan mantuwar ce ta kusa cinye mini karatu.

Ranar lajna muka hau lori zuwa Managil. Ta yafa farin tob ɗinta, babban mayafin nan na zuwa gaisuwa, ni kuma na sa wando da riga irin ta afandiyya, wato ma'aikatan gwamnati, da alƙalami a aljihu wanda ba tawada a cikinsa. A hanya na yi ta bitar amsoshin da zan bayar da Larabcin littafi. Ko sau ɗaya ban yi tunanin in shirya ta ba. A ganina ita rakiya ta zo, mai magana ni ne.

Mutum uku ne a bayan tebur. Shugabansu dattijo ne mai farin gashin baki, da tabarau a kan karan hanci. Ya duba urnik, ya dube ni, sannan ya tsallake ni ya fuskanci mahaifiyata. Ya tambaye ta ’ya’yanta nawa. Larabcinta na kasuwa ne, amma ta gane. Ta sunkuyar da kai ta lissafa ƙannena ɗaya bayan ɗaya, su uku, ta tsaya nan. Dattijon ya sake duba takarda, inda na rubuta huɗu da hannuna. Ya nuna ni da alƙalami.

“Wa da? Waladik?” Wannan fa, ɗanki ne?

Na ga ta ja tob ta rufe rabin fuska. Sai ta ɗauko amsar da kowace uwa a ƙauyenmu take bayarwa in an tambaye ta ɗan fari, ta juya ta zuwa Larabci kalma da kalma.

“La, ma haggi. Wad nas.”

Ita abin da take nufi shi ne ba nawa ba ne, ɗan mutane ne. Da a tsakar gidanmu ne, da mata sun yi dariya sun ce ai mun sani. Amma a kunnen Balaraben Sudan, wad nas ɗan gidan mutunci ne, ɗan masu rufin asiri. Ga mace ta ce yaro ba nata ba ne, ɗan manyan mutane ne, ga yaron tsaye da wando da alƙalami. Na buɗe baki zan yi bayani, Larabcin littafin nan duk ya gudu ya bar ni. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce a hankali an sha kawo musu tsohuwar aro a ce uwa ce, don haka ba zai sa hannu ba. Ya tambaya ko ina da takardar haihuwa. Abin da nake da shi tasnin ne, takardar da likita ke bayarwa bayan ya duba haƙoranka ya ƙiyasta shekarunka, kuma babu sunan uwa a cikinta. Ya ajiye urnik ɗina a gefe, ya ce zamansu na ƙarshe mako mai zuwa ne, daga nan za a aika sunaye.

A lorin komawa na juya mata ƙeya. Da muka shiga gida, ta zauna ta jawo kwaryar gyaɗa tana ɓarewa kamar ba abin da ya faru, sai abin ya ƙwace mini. Na tsaya a kanta, abin da ban taɓa yi ba, na ce, “Inna, ko sau ɗaya a duniya ba ki iya cewa ni naki ne?”

Hannunta ya tsaya a cikin kwaryar. Ba ta ɗago ba, ba ta aiki randa ba. Can ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Har yau in na tuna wannan tambayar sai in ji kunya ta rufe ni, domin na san amsarta tun kafin in yi ta.

Kawuna, ƙanenta, da ya ji labari sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ga fuskata ya daina. Ya ce shi zai je ya shaida, ya tafi da shehun ƙauye in ta kama. Ya je kuwa, ya dawo da yamma jiki a sanyaye. An gaya masa cewa wadda ta ce ba nata ba ne, ita kaɗai za ta warware maganarta, da bakinta, a gaban lajna. Ya shiga ɗakinta suka daɗe. Da ya fito ya ce mini in yi haƙuri, wannan abu ne da uwarsu ba ta taɓa yi ba, kakarsu ma haka, kuma shi ba zai iya tilasta wa yayarsa ba. Makon nan na yi shi kamar mara lafiya. Na daina fito da takardata. Na je na tambayi wani mai hawasha ko yana neman ɗan ƙwadago a bana.

Ranar zaman ƙarshe na idar da sallar asuba na koma na kwanta, don ban ga abin tashi ba. Sai na ji muryarta a tsakar gida, tana magana da randa.

“A ce ma wancan, in ya gama hushin, lori ba ya jiran kowa.”

Na leƙo. Tana tsaye cikin farin tob, da takalmanta a hannu.

Da aka kira mu, ba ta jira tambaya ba. Ta matsa gaban tebur, ta juya mini baya sarai, yadda ko gefen fuskata ba za ta gani ba. Ta ce da Hausa, tana kallon bango, a ce wa wancan ya juya musu abin da za ta faɗa, don Larabcinta ya riga ya yi ɓarna sau ɗaya. Na gaya wa dattijon. Ya gyara tabarau ya ce bismilla.

“Ni nih haihe shi,” in ji ta. “Ran Alhamis, lokacin tsinkar kaɗa, cikin bukka bakin tur'a. Kwana biyu ina naƙuda tai.”

Na juya. Muryata ta fita daidai a jimlar farko. Ta ci gaba, ta ce a ƙwaurina na hagu akwai tabon lauje, na same shi ina shekara bakwai, lokacin ina hannun kakata. Ta ce ita ta goya ni daga gona har shafakhana, wato ɗakin shan magani na garin da ke gaba da mu, kuma da aka tambaye ta a can ta ce ɗan maƙwabta ne. Ni ban san wannan ba. A tunanina duk shekarun nan kakata ce ta goya ni. Na tsaya a tsakiyar fassara, na kasa. Sai da dattijon ya ce, “Kammil ya waladi,” ƙarasa ɗana, sannan na haɗa sauran da ƙyar. Ya ce in ɗage wando. Na ɗage, su ukun suka leƙo ta saman tebur suna kallon ƙwaurin afandi.

Sai ya yi tambayar da nake tsoro. Ya ce da ita, mene ne sunansa?

Na ga kafaɗunta sun ɗaga sun sauka. Na yi niyyar in roƙe shi ya bar ta haka, in ma karatun ne a fasa. Kafin in yi magana ta faɗa. Ba da ƙarfi ba, amma cikakke, ba laƙabi ba, ba sakaye ba, sunan da aka raɗa mini ranar suna. Wannan bai buƙaci fassara ba. Shekarata goma sha tara ina jin sunan nan a bakin malamai da abokai da masu aikena, ban san haka yake ba sai ranar.

Dattijon ya tambaye ni abin da ya sa ta musanta ni a makon jiya. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari iyakar iyawata. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce abin mamaki, su a wurinsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, shi ne girmanta. Ya jawo urnik ɗina ya sa hannu. Sannan, don ya girmama ta, ya miƙe tsaye ya yi mata sallama da “ya um” ya haɗa da sunana, wato uwar wane. Baiwar Allah ta ja tob ta rufe fuska gaba ɗaya, ta nufi ƙofa, ta bar takalmanta a gaban tebur. Ni na kwaso su na biyo ta.

A lori na yi ta satar kallonta, bakina ya ƙi rufuwa don murna. Mun kusa gida ta fuskanci buhun dawar da ke gabanta ta ce, “A ce ma wancan ya bar kallona, mutane na gani.”

Na yi karatuna na gama da wannan tallafin, na yi aiki, na yi ritaya. An kira sunana a wurare da yawa, wani lokaci da ustaz a gabansa. Na daɗe ina ɗauka cewa abin da aka ba ni a Managil tallafin majalisa ne. Sai da na girma na gane cewa majalisa daga asusunta ta bayar, ita kuwa Inna ta cire daga abin da uwarta da kakarta suka bar mata, a gaban baƙi, ba ta kuma taɓa yi mini gori a kai ba. Ban taɓa ba ta haƙuri kan tambayar da na yi mata a kan kwaryar gyaɗa ba. Na sha shiryawa, sai in ga ba ta hanyar da zan bi, tunda ni ban iya aiken randa ba.

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma ba ta sake faɗin sunan ba, ko da kuskure. A ciwonta na ƙarshe ina birnin Madani wurin aiki. Ƙanwata ta ce sun kewaye ta, su uku da ’ya’yansu, suka tambaye ta ko akwai abin da take so. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta juya ta fuskanci bango, ta ce, “A kira min wancan.”

Babu wanda ya tambaye ta wane ne. Na iso kafin la'asar, na same ta da rai.