Akuyar da Kaka Saratu Ta Ƙi Kashewa

Kakata Saratu ba ta taɓa shiga aji ba, amma littattafan yara da suka bi ta hannunta sun fi ƙarfin lissafi. Aikinta ninke takardu ne a wata ƙaramar maɗaba'a a Sabon Gari, wadda ke fitar da 'yan littattafan nan masu jeri, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da hotuna. Babban falle guda ake bugawa, shafuka a warwatse, wasu ma kai a ƙasa, sai an ninke shi an yanke kafin ya zama littafi. Fallen da tawada ta ɓata, ita ake bar wa.

Duk ranar Asabar mukan taso daga Samaru mu je wurinta a Muchia. Da an sauke tuwon yamma, sai ta shimfiɗa fallen a gefen murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta san harafi ko ɗaya ba, hotunan take bi da yatsa.

Wanda muka fi so shi ne na yarinya da akuyarta. Kaka takan fara da hoton yarinya tana kuka, igiya a hannu babu akuya. Daga nan yarinyar ta nufi rafi, ta tarar da kada, ta yi masa magana mai daɗi har ya ji kunya ya amayo akuyar. Hoton ƙarshe kuwa, ga su a tsakar gida, akuya na cin dusa.

Ina aji uku karatu ya zauna mini, kai kuma ya kumbura. Wata Asabar tana tsakiyar labari na katse ta.

"Kaka, ba haka aka rubuta ba. Daga ƙarshe kike farawa."

Kaka ta ɗago kai. Ta dube ni, ba ta yi fushi ba. Ta ɗauki fallen, ta ninke sau uku ba tare da ta kalle shi ba, ta sa wuƙar yanka kuɓewa ta tsaga gefuna. Sai ga littafi, shafi na bin shafi.

"To malama, karanta mana."

Na karanta da ƙarfi, ina taƙama. Yarinya ta ƙi jin maganar uwarta, ta kai akuya rafi, kada ya cinye. Shi ke nan. Ƙanena Ishaku ya fashe da kuka, har da majina.

Kaka ta jawo shi jikinta. "Ai na san inda suka kashe akuyar," in ji ta. "Da hannuna nake ninke shi kullum. Su can suna so yaro ya ji tsoro. Ni kuwa nawa jikokin ba za su kwana da kuka ba."

Littattafan wancan zamani haka suke, duk yaron da ya yi ƙiriniya sai ya ɗanɗana kuɗarsa a shafin ƙarshe. Na girma, ni ma ina rubuta wa yara, kafin na gane cewa tsohuwar nan ta riga mu gyara su.

Abin da ke ci mini rai shi ne, daga ranar ta yi alfahari da ni. Duk Asabar sai ta ninke falle ta miƙo mini, ta ce wa maƙwabta jikarta ta iya boko. Na yi ta roƙonta ta ba mu nata. Sai ta yi dariya ta ce, "Ga mai karatu a gida?" Har ta rasu ba ta sake ba mu labari ba, kuma ni na jawo.