Kwamfutar da Aka Toshe wa Kafofi da Gam

A daminar da tsawa ta ƙona katin intanet na wani ɗan asibitin kuɗi a Shinkafi, yayata tana da ciki wata takwas. An yi mata hoton ciki, mai asibitin ya ga kamar ɗan ya kwanta a gicciye, amma bai yarda da idonsa ba. Likitar da ke duba masa hotuna daga Gusau ta ce wanda aka ɗauka da waya daga fuskar kwamfuta bai fito ba, a turo na ainihi, in ba haka ba a kawo mai cikin. Hanyar kuwa a lokacin ko mai lafiya sai ya yi sallama da gida kafin ya hau ta.

Ni ne mai gyaran kwamfuta a Ƙaura, kuma ni na haɗa musu kwamfutar asibitin tun farko. Na sayi sabon kati, na bi ayarin motocin ranar kasuwa. Ban ji ko ɗar ba game da aikin, hanyar ce kawai ta tsinka mini zuciya.

Na soka katin, na kunna. Shiru. Direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da kati, bai san wannan sabon ba. Abu mai sauƙi, na ce, in sauko da sabon direba a wayata in zuba. Na zaga bayan kwamfutar da igiyar waya a hannu, sai na tarar kowace kafar soka waya an cika ta da gam, ya bushe ƙam.

"Malam, wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Ni na yi," in ji mai asibitin, ko kunya babu. "Kowa yaz zo jinya sai shi soka waya shi yi caji. Sau nawa kaz zo kana kore muna bairos? Shi ya sa nit toshe su, munka huta."

Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, don gaskiyarsa ce. Amma yanzu babu filashi, babu waya, babu intanet ɗin da za a sauko da abin da zai kawo intanet.

Yaya tana kan benci da ƙunshin kayanta a gefe, mijinta ya riga ya yi magana da mai mota.

"Ƙanena, in ba ta yi ka faɗa muna, mu kama hanya tun da rana."

"Yaya, ki kwance mayafi ki sha iska. Tana yi."

Ba cika baki nake ba. Na zare katin na karanta rubutun da ke kan ƙwaƙwalwarsa, na ga dangin tsohon ne, lambar shaida kawai aka sauya. Direban kamar maigadi yake, wanda ba a gabatar masa ba ba ya buɗe wa ƙofa. Na mayar da katin, na sa kwamfutar ta faɗi lambarsa, na rubuta wa direban ita da hannuna, na ce wannan ma naka ne. Karon farko na juya lambobin, bai kula ni ba. Na gyara. 'Yar koriyar fitilar da ke bayan katin ta fara ƙyaftawa.

Hoton ya tafi a hankali, muna kallonsa kamar tukunyar da ta ƙi tafasa. Bayan la'asar likitar ta kira, mai asibitin ya sa wayar a fili kowa ya ji: kan ɗan yana ƙasa, a bar ta ta haihu a Shinkafi.

Mijin ya fita sallamar mai mota. Yaya ta kalli ƙunshin kayanta, ta ce, "To ni da nib bi gida-gida jiya ina neman gafara, yanzu mi za ni ce musu?"

Sai a lokacin na san ta yi bankwana da mutane. Na juya ina ɗaure murfin kwamfutar, don kada ta ga idona.