Ranar da aka saurari uwar maƙerar kakana

Shekarun baya, ina ƙira a rumfar mahaifina a Ƙofar Marke, na gaji da naɗe wuyan kalme, wato fartanya, da ido. Wani ya yi faɗi, wani ya matse, manomi ya dawo yana cewa ƙota ta ƙi zama. Ni kuwa ba na son aiki marar tsari.

A lungun rumfar akwai uwar maƙerar kakana, dunƙulen ƙarfen da ake ƙira a kansa, wanda ƙarti ba sa ɗagawa sai da nishi. Na ƙudurta a sake mata fasali: sama a bar shi a shafe, gefe ɗaya kwari-kwari daga babba zuwa ƙarami don wuyan kalme, wani gefen rami kamar ƙoƙo don ludayi, tsakiya kuma huji-huji.

Da farko na gina siffar da yumɓu. Matata ta ɗauka sabon murhu ne, har ta ɗora tukunya. Daga nan na sassaƙa ta da icce. Bayan haka na je wa mahaifina.

Ya daɗe yana juya iccen.

"Ƙarhen ubana za ka huda?"

"Baba, aiki zai yi sauƙi."

"To. In ta tsage, ka ɗauki masabarka ka tahi. Ba ka ƙara hura wuta a rumfar ga."

Na kai ta Runjin Sambo wurin abokina mai injin huda ƙarfe. Ya so ya yanka da wutar gas, na hana, don zafi yana kashe ƙarfe. Ya ce, "Kai dai ka cika ƙa'ida, sai ka ce mai rabon gado." Haka muka bi a hankali, ana huda ana zuba ruwa.

Ranar da abokina ya dawo da ita, aka ɗora ta a kan kututture. Maƙera ba sa yarda da ido a irin wannan. Tsaga tana ɓuya a ciki, kunne ne ke gano ta. Mahaifina ya ɗaga hannu, duk maƙeran layin suka ajiye masaba, wato gudumar ƙira, masu zuga-zugi suka tsaya.

Ya buga sama, ta yi ƙara wasai. Ya buga gefen kwari, haka. Ya buga gefen ludayi, haka. Da ya zo tsakiya, sai ta ce ƙwas, kamar an bugi fasasshen tulu.

Wani dattijo ya yi salati. Abokina ya sunkuyar da kai. Ni dai na miƙa hannu na ɗauki masabata, don ba na jira a maimaita mini magana.

"Ina za ka?" in ji mahaifina. "Na sallame ka?"

Ya durƙusa, gwiwarsa har tana ƙara, ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya sake bugawa a hankali. Sannan ya zura yatsa cikin kowane huji ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe ya tsaya, ya sa siririn ƙarfe ya doka. Guntun bakin injin huda ya faɗo ƙasa.

"Wallahi Baba, karyewa ya yi, na ji tsoron faɗa mai," in ji abokina. "Ka san halin shi."

Mahaifina bai ko dube shi ba. Ya ɗaga masaba ya buga tsakiya. Ƙarar ta tashi har sai da ta ratsa layin.

"Tsaye kake kamar baƙo. Hura wuta, mu ga kwarin naka."

Shi ya naɗe wuyan kalmen farko da hannunsa.

Mahaifina ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ƙarfen kuma yana nan ina aiki a kansa. Har yau in na tuna, ba tsoron ne ke tsaya mini a rai ba. Ni da na tsara aikin, bugu ɗaya ya ishe ni na yanke wa kaina hukunci. Wanda ya ce zai kore ni, shi ne ya durƙusa a ƙasa yana neman dalilin da zan zauna.