Hannun da Baba Bai Gane Ba

Wata tara ban ce uffan ba a shafin nan. Masu tambaya ko na mutu, ina nan, da hagu nake rubutu.

Kububuwa ta sare ni a yatsa muna ɗaurin hatsi a gonarmu ta Tabla. Wana Idi ya ɗaure mani wuyan hannu da robar tayar keke, tamau, wai kada dafi ya hau. Kwana biyu ana ɗura mani jiƙo. Da muka isa asibitin Filinge, hannun ya yi baƙi yana wari.

Lokotoro, wato likitan, ya ce, "Maciji ya yi nashi, amma robar ga ta kashe hannun."

A Yamai aka yanke shi. Wankin ciwo kowace safiya, gwajin jini, allura. Shanun nomanmu biyu suka tafi a kuɗin magani.

Daga baya wata ƙungiya ta sa mani hannun inji. Matar da ta daidaita shi sai yabonsa take: wai irin na zamanin da ƙugiya ce kawai, wannan kuwa yatsunsa suna jin matsi, yana riƙe ƙwai bai fasa ba. Na ce ni fa, zan ji? Ta ce ana kan aikin haɗa irinsa da jijiya, sai nan gaba.

Na tsani kalmar nan.

Babana makaho ne, da hannu yake gane 'ya'yansa. Ya riƙe hannunka, ya shafa kantar tafin, ya kira sunanka kafin ka buɗe baki. Ranar da na koma gida na miƙa masa dama, don ya taɓa marina a kan miƙa hagu.

Ya riƙe, ya daɗe yana shafawa. Injin ya ji shi, ya rufe yatsu a hankali. Ƙarfe ya ji babana, ni ban ji komai ba.

"Wa na?"

"Ni na, Baba. Hamidu."

"Muryar dai taka ta." Ya saki. "Ba ni hagun."

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai, da matata Rabi da ta yi wata biyu a tabarmar asibiti. In maciji ya sari naku, kada ku ɗaure, kada ku tsaga, kada ku jira jiƙo. Ku nemi mota a ranar.

Baba yana nan yana koyon haguna. Jiya ya shafa shi sau biyu, ya yi murmushi, ya kira ni da sunan wana: "Idi."