Ranar da 'Yar Yaye Ta Taka

Shekarar da na gama bautar ƙasa na koma gida Kademi ina jiran aiki. Lokacin kaka ne, maza duk suna gona wajen cirar gyaɗa. Wata safiya matan gidanmu suka shirya zuwa suna a Balan. Innata ta tsaya a bakin zaure tana gyara mayafi, ta ce da ni, "Tunda hannunka ya manta fartanya, ga yara nan. Kunu na cikin fulas, shinkafa da wake na cikin kula. Sai bayan la'asar."

Na ce ba komai. Har cikin raina na ɗauka ba komai ɗin ne.

Su huɗu ne. Akwai 'yar babban wana mai shekara shida, da ƙannenta 'yan biyu maza masu shekara huɗu, sai 'yar yayata da aka kawo mana yaye daga Gaya. Wannan ƙaramar ta kusa shekara biyu amma ba ta taɓa takawa ba, sai jan gindi. An kai ta asibiti, aka ce ƙafafunta lafiya lau, a dai yi haƙuri. Uwarta har ta rage shiga taron mata don gudun tambaya.

Sai kuma kakata, wadda idonta ya daɗe da tafiya. Tana kan tabarma a gindin darbejiya da carbinta. Da ta ji ƙarar a-daidaita-sahu ta yi nisa sai ta yi dariya ta ce, "Mai gidana, yau za mu ga ƙarshen boko." Haka take tsokanata tun ina yaro.

Kafin hantsi na raina kaina. 'Yan biyu suka kwance awaki, awaki suka faɗa wa gyaɗar da aka shanya a tsakar gida. Ina korar wannan, waccan ta dawo. Ina cikin haka kakata, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Wanda ke bayan randa ya tofar da abin da ke bakinsa." Na leƙa. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ne, ya cika kumatu da marfin kwalba. Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce, "Yaron da bakinsa bai taɓa hutawa ba ya yi shiru, ai ka san da dalili."

'Yar yaye kuwa ta ƙi kunu, tana ta kukan uwarta. Na jijjiga, na nuna mata hotuna a waya, duk a banza. Sai 'yar wana ta zo ta tsaya a gabana, ta ce, "Baffa, ba haka ake yi ba. Ɗora min ita." Ta sunkuya, na ɗora mata, ta ɗaure da tsohon zanen uwarta. Ƙafafun goyon saura kaɗan su taɓa ƙasa. Ta riƙa zagaya turmi tana wani ɗan rausaya, tana guna-guni a hankali, har kukan ya koma ajiyar zuciya. Sannan ta sauke ta, ta kurɓi kunun da kanta tana lumshe ido kamar zuma take sha. Ƙaramar ta miƙo hannu. Ina tsaye ina kallo, ni da takardun shaidata a akwati, yarinya 'yar shekara shida tana koya min aiki.

Bayan azahar gida ya yi tsit. 'Yan biyu sun yi barci a kan tabarmar kakata, 'yar wana tana wasa da 'yar tsanarta ta kara. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno na duƙufa a waya.

Sai na ji carbi ya tsaya.

"Mai gida, wa ya shigo?"

"Ba kowa, Kaka."

"Akwai mai tafiya a kan ɓawon gyaɗa. Na san takun kowa a gidan nan. Wannan baƙo ne."

Na ɗaga kai. 'Yar yaye ce. Ta saki turmin da ta dafa, ta ware hannuwa, idonta na kan wani ɗan akuya da aka haifa kwana uku da suka wuce. Ta ɗaga ƙafa ta ajiye. Ta yi tangal-tangal, ta sake ɗagawa. Na yunƙura zan tare ta, kakata ta ce ƙasa-ƙasa, "Kada ka motsa. Kada ka kira ta."

Na daskare a rabin tashi. Ban taɓa lura da yawan abin da tafiya ke buƙata ba sai a lokacin: yatsun ƙafarta suna damƙar ƙasa, gwiwoyinta na rawa, harshenta a waje. Taku bakwai na ƙirga kafin ta zauna daɓas. Ba ta yi kuka ba. Ƙafafunta ta tsura wa ido kamar yau aka ba ta su.

Kakata ta ce a kawo mata ita. Ta shafa tafin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe ƙasar, ta yi addu'a ta tofa. Hawaye na bin kuncinta. Ta ce, "Allah mai iko. Kowa da ranarsa. Kira uwarta."

Sai a sannan na tuna wayar na hannuna, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

Na kira yayata na gaya mata. Can na ji tana jan hanci. Ta ce, "Don Allah kada ka yi min wasa." Na rantse mata. Ta ce, "Da wace ƙafa ta fara?"

Ban sani ba. Na buɗe baki zan ce ban lura ba, sai 'yar wana ta matso da bakinta kusa da wayar ta ce, "Goggo, da dama ta fara. Ni na gani."