Shekarar da Mama Ta Yi Kiwon Fedele

Mahaifiyata Domitilla 'yar Falmenta ce, wani ƙauye a cikin duwatsun arewacin Italiya. A can aka haife ta, a can aka binne ta tana da shekara sittin da takwas, kuma ban taɓa jin ta wuce garin Cannobio da ke bakin tafki ba. Kullum da kwando a bayanta: ciyawa da rani, itace in sanyi ya matso, taki kuwa ba shi da lokaci. Ba ta da yawan magana, ba ta kuka. Mutane na cewa haƙuri gare ta. Ni dai har yau ban sani ba ko haƙuri ne ko gajiya.

Ubanmu Gottardo ya yi sanyi tara yana sharar bututun hayaƙin gidaje a birnin Milano tun yana yaro, ya dawo da tarin da bai taɓa rabuwa da shi ba. Maza uku ta haifa masa: Celso, Fedele, sai ni Siro, auta.

A kwarinmu ba a tambayar ko yaro zai tafi, sai dai yaushe. Da an yi Idin Waliyai, farkon Nuwamba, sai masu ɗaukar yara su hawo su kwashe 'yan shekara bakwai da takwas, ba a sake ganinsu sai Ista. Abin da muke nomawa ba ya kai mu ƙarshen sanyi, don haka baki ɗaya ya ragu a gida ba ƙaramin abu ba ne. Aikin kuma na ƙanana ne, babba ba ya shiga bututu. A rufa wa yaro buhu a ka, ya hau da gwiwa da gwiwar hannu cikin duhu yana kankare kunkunniya. In ya kai sama ya fiddo hannu ya yi kira, don masu gida su tabbatar ya kai.

Celso ya yi sanyi biyu lafiya. A na uku ya ɗan ƙara faɗi, ba wanda ya lura. Ya maƙale a wani bututu mai lanƙwasa, sai da aka fasa bango aka ciro gawarsa. Fada, limamin cocinmu, shi ya karanta mana wasiƙar da ta kawo labarin. Da Ista aka kawo takalmansa, Mama ta karɓa, ta juya su ta duba ƙasansu, ta ce za su yi wa Fedele baɗi. A gabana dai iyakar abin da ta ce ke nan.

Bayan shekara guda Baba ya yi wa Bortolo alkawarin yaro. Bortolo abokinsa ne, tare suka ci baƙin bututu suna ƙanana, shi ya yi sa'a ya zama mai ɗaukar yara. A ƙofar coci suka yi musafaha, gaban mutane, a wurinmu kuwa magana ta ƙare ke nan. Fedele na da shekara takwas. Ni shida, ba wanda ya ma tuna da ni.

Bortolo yana da wata igiya mai ƙulli. Zai zagaya ta a kafaɗun yaro, in bakin igiyar ya kai ƙullin ya ɗauka, in bai kai ba yaro ya yi faɗi ke nan, sai ya ce a kai kasuwa. Duk kwarin an san igiyar nan. Akwai uwayen da ke rage wa 'ya'yansu abinci in kaka ta matso, don kada a mayar musu da su. Mama ta yi nata tunanin, ta ga ai hanyar tana da baki biyu. In Fedele ya fi ƙarfin igiya, ba inda za shi.

Tun watan Mayu ta fara. Ƙwan kajinmu biyu, da a da ake musanyawa da gishiri, ya koma cikin Fedele. Saman madarar akuya, Fedele. Ɓawon cuku, Fedele. Ta raba tuwon masararta biyu ta tura masa rabi. Da ta ga bai isa ba, ta fara yanko nawa.

"Mama, nawa ya fi ƙanƙanta," na ce mata.

"Cikinka ma ya fi ƙanƙanta. Ci ka tashi."

Fedele kan ture akushi ya ce ya ƙoshi.

"Ban tambaye ka ba," in ji ta. Ta tsaya a kansa sai ya suɗe.

Ta hana shi hawan dutse don kada ya zube, ni aka tura bin awaki. Kowace Lahadi in an taso daga coci ta kwance igiyar zanin aikinta ta gwada kafaɗunsa, ta yi shaida da farce. Maƙwabciyarmu Apollonia ta leƙo wata rana ta ce, "Domitilla, alade kike kiwo ne? In ranar yanka ta zo a tuna da mu."

"In ya yi za ki ji," Mama ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Baba ya gane sarai. Sau ɗaya ya tanka. "Kin san na ba mutumin nan hannu."

"Na sani. Kai ka ba da hannu, ni tuwo nake bayarwa."

Ba zan ɓoye ba, na tsani Fedele a wannan ranin. Ina kallon bakinsa yana maiƙo, ni ina tsintar 'ya'yan itace a bayan awaki. Shi ma ba daɗi yake ji ba, sau biyu ya saka mini ƙwai a aljihu, sau biyun ta kama mu.

Bortolo ya zo da hantsi, yara huɗu na jiransa a hanya da ƙunshin kayansu. Ya sha ruwan inabi kofi ɗaya tare da Baba, ya ce Fedele ya tuɓe riga. Ya zagaya igiyar, ya ja, ya sake ja. Saura yatsa uku ta kai ƙulli. Ya fashe da dariya.

"Gottardo, fadan coci kake haɗa mana? Wannan ko bakin murhu ba zai wuce ba."

Mama ta zauna a kan kujera. Ban taɓa ganin ta zauna da rana ba sai ranar. Abin da ta yi wata shida tana nema ta samu. Sai ga ni na shigo da bokitin madara.

"Wannan fa?" in ji Bortolo.

"Shekararsa shida," Mama ta ce.

"Da biyar na fara, ga ni. Zo nan, ɗan tsako."

Igiyar ta zagaye ni har da ragowar taƙi guda. Bortolo ya ɗaga hannuna ya duba, ya sake shi. "Wannan ai don aikin aka yi shi. Da me kuke ciyar da shi, iska?"

Baba ya dubi wuta ya yi tari.

Sanyi bakwai na yi a bututu, na fito da raina da ido ɗaya mai hawaye. Fedele bai taɓa shiga ko ɗaya ba, ya zama mai gasa burodi a Cannobio, ya mutu da jikokinsa kewaye da shi. Mama ta ƙara shekara talatin tana ɗaukar kwandonta. Tsakanina da ita ba mu taɓa tayar da maganar ba, ban kuma riƙe ta a zuciya ba, ko kuwa na riƙe na manta inda na ajiye.

Ranar dai ita ta raka ni har gada. Sauran yaran sun yi gaba da Bortolo. Ta durƙusa ta ɗaure mini wuyan riga, ta daɗe tana ɗaurin abin da ya riga ya ɗauru.

"Siro, saurara. Matan birni za su ji tausayinka su ba ka abinci. Kada ka cinye. Ka ci kaɗan, ka ba wasu saura. Kada ka yarda ka yi faɗi, ka ji?"

Na ce to. Ta tashi ta karkaɗe gwiwarta, ta koma sama wajen awaki.