Akwatin da Si Milud Ya Kafe a Bango

Si Milud ya tsufa yana sayar da karantika, wata wainar garin wake, da zafinta a ƙofar kasuwar unguwarmu a Wahran. Gini ɗaya muke zaune, ƙofa na kallon ƙofa. Dama ba mai yawan magana ba ne, amma tun da ɗansa Hawari ya shiga kwalekwale da wasu samari suka nufi Sifen, bakinsa ya ƙara nauyi. Waɗansu iyayen sun sami wasiƙa, waɗansu gawa. Shi bai sami ko ɗaya ba.

Ana nan hukuma ta ce gininmu ya tsage, za a rushe shi, a kai mu sababbin gidaje a bayan gari. Mata suka rangaɗa guɗa. Milud ya ce mini, "Hawari lambar gidan nan kaɗai ya sani."

Na raka shi wurin Kaddur mai walda, a ƙera masa akwatin wasiƙa.

"Bakin ya zama ƙanƙani," in ji Milud. "Takarda ta shiga, yatsa kada ya bi ta."

"A yi masa haƙora ta ciki ke nan," in ji Kaddur. "To. Sai me?"

"'Yar rumfa saboda ruwa. Da ƙarfen da iskar teku ba ta ci."

"Kwaɗo ko makullin ciki?"

"Na ciki. Kwaɗo ai guduma ɗaya ce."

Kaddur ya tuntsire da dariya. "Baba, zinaren Hajiya za ka ɓoye? Ko masu banki ba su wahalar da ni haka ba."

"Kuma ɗaki biyu. Na ƙasa mai faɗi, da mabuɗi biyu, ɗaya in bai wa mai raba wasiƙu."

"Shi kuma na me?"

"Yaron ya ce zai aiko wa uwarsa takalmin sanyi."

Kaddur ya sunkuyar da kai ya ɗauko abin awo.

Da aka rushe ginin, bangon ƙofar shiga ya tsira, da lambarsa. Nan Milud ya kafe akwatin. Kullum in ya sayar da tirensa sai ya biya ta can, ya buɗe sama, ya buɗe ƙasa, ya ɗiga wa makullin mai.

Wata safiya muna shan gahawa, Lahdar mai raba wasiƙu ya zo ya ajiye ɗan mabuɗin nan kusa da kofin Milud.

"Ga amanarka, Baba. An cire layin daga zagayena."

"Bangon yana nan ai. Lambar ma tana nan."

"Ni ina ganinta. A ofis ne ba sa gani."

"To in wasiƙar ta zo fa?"

"A da ana juya muku wasiƙun sabon gida. Wa'adin ya ƙare." Lahdar ya dube ni, na dubi kofina. "Yanzu hatimi ake bugawa, babu kowa a nan, a mayar wa mai ita."

"Babu kowa," in ji Milud a hankali. "Haka zai karanta ke nan."

Ya zura mabuɗin a zaren da nasa yake.

Matarsa Zubida, uwar Hawari, ta rasu da sanyin bara, tsohon takalminta na bakin gado. Milud bai daina zuwa bangon ba. Akwatin dai ko tsatsa bai yi ba, Kaddur ya iya aiki. Wani lokaci nakan raka shi. In ya sa mabuɗi, sai in juya ina kallon teku.